Kofin Quidditch na Hogwarts: Idan Mutum Ɗaya Ke Kashe Wasa da Maki 150, Me Sauran Shidan Ke Yi?

Tun da kamfanin HBO ya fara ɗaukar sabon shirin Harry Potter mai dogon zango a 2025, da niyyar bai wa kowane littafi zangonsa, wata tsohuwar gardama ta sake ɗago kai tsakanin masu karatu da masu kallo. Gardamar a kan wasan Quidditch ce, wasan da ɗaliban makarantar Hogwarts ke yi a sama bisa tsintsiya. Masu suka na cewa wasan ba shi da kai. Mutum shida su yi ta zufa suna tara maki goma-goma, can sai yaro ɗaya ya cafke wata 'yar ƙwallo mai fiffike, a ba shi 150, a hura usur a tashi. To wahalar me sauran suka sha?

Tambayar tana da ƙarfi, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. Sai dai mafi yawan masu yin ta wasa ɗaya suke kallo, alhali abin da gidajen makarantar ke kokawa a kai kofi ne na shekara guda, mai nasa lissafin. Wanda bai karanta littattafan ba kuma yana da niyya, ya sani zan tona abubuwa da dama.

Kofi nawa ne ma a labarin?

Daga nan ruɗanin yake farawa. J.K. Rowling ta fitar da littattafan guda 7 tsakanin 1997 da 2007, kuma kofunan da ake yawan haɗawa a cikinsu sun kai huɗu.

Akwai Kofin Gidaje, wanda ake bayarwa a walimar ƙarshen shekara. Wannan na ɗa'a da ƙoƙarin aji ne. Malami ya ji daɗin amsarka ya ƙara wa gidanku maki, ya kama ka kana yawon dare ya zaftare. Shi ne wanda shugaban makarantar, Dumbledore, ya juya a ƙarshen littafi na farko, lokacin da gidan Slytherin ke da 472, gidan su Harry, wato Gryffindor, na can ƙasa da 312, ya yi ta rabon maki har suka koma 482. Akwai Kofin Duniya na Quidditch, na ƙasashe, wanda ya buɗe littafi na huɗu. Akwai kuma kofin gasar makarantu uku a wannan littafin dai, wanda babu ruwansa da ƙwallo.

Namu shi ne na huɗun: Kofin Quidditch na tsakanin gidaje. Hogwarts tana da gida huɗu, Gryffindor, Hufflepuff, Ravenclaw da Slytherin. Kowane gida yana karawa da kowane sau ɗaya, wato wasa 6 a shekara, uku-uku ga kowa. Kofin babba ne na azurfa, kuma gidan da ya ci, malamin da ke kula da gidan ne ke ajiye shi a ofishinsa. Nasara a fili tana ƙara wa gida maki a gasar Kofin Gidaje, shi ya sa mutane ke ɗaukar su abu ɗaya.

Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasarmu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Intahaus ne, an ɗora shi a kan tsintsiya. Tsarin raba ɗalibai gida-gida daga makarantun kwana na Ingila ya fito, daga can Rowling ta ɗauko shi, daga can kuma Turawan mulkin mallaka suka kawo mana shi, tun zamanin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta zama Barewa. Na tuna a tamu makarantar yadda firifet ke tashin mu da sanyin asuba don atisayen maci, mako uku cur, ranar gasa mu yi ta ihu har murya ta dushe, kofin kuma ya ƙare a saman kabad ɗin hausmasta yana tara ƙura. Haka Farfesa McGonagall, mai kula da Gryffindor, ta shaida wa 'yan wasanta a littafi na biyar cewa ta saba da ganin kofin a ofishinta, ba ta da sha'awar miƙa wa Snape, mai kula da Slytherin. Mace ce da ba ta ɗaga ƙafa a kan aikin gida, amma a makon wasan sai ta yafe musu.

Yadda ake wasan

Kowane ɓangare mutum 7 ne. Uku 'yan gaba ne, suna miƙa wa juna wata jar ƙwallo mai suna Quaffle, su jefa ta cikin ɗaya daga zobba uku da ke kan dogayen sanduna. Kowace jefawa maki 10. Akwai gola mai tsaron zobban. Akwai mutum biyu masu kulki, aikinsu su kare 'yan gidansu daga wasu baƙaƙen ƙwallaye biyu na ƙarfe, Bludger, waɗanda ke yawo da kansu suna neman wanda za su kaɓo, su kuma doka su wajen abokan hamayya. Na bakwai shi ne mafarauci. Shi babu ruwansa da duk wannan hayaniya, idonsa na kan Snitch, 'yar ƙwallon zinariya da ba ta wuce girman goro ba, mai fiffike, mai ɓacewa kamar walƙiya. Wanda ya kama ta ya samo wa gidansu 150, kuma nan take wasa ya ƙare.

Babu agogo. Wannan shi ne abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Wasa na iya ƙarewa cikin minti biyar, kamar yadda Harry, mafaraucin Gryffindor, ya yi wa Hufflepuff a shekararsa ta farko, kuma littafin ya ce an taɓa yin wanda ya kai wata uku.

Ita kanta lambar 150 an ba ta asali a wani ɗan littafi da Rowling ta rubuta a 2001 don tara kuɗin agaji. A cikin tarihin da ta ƙaga, a shekarar 1269 wani shugaban majalisar matsafa ya saki wani ɗan tsuntsu a fili, ya yi alkawarin tsabar zinariya 150 ga wanda ya kama shi. Da tsuntsun ya kusa ƙarewa a duniya saboda farauta, aka ƙera na ƙarfe a madadinsa, kuɗin kuma ya koma maki. Wato marubuciyar da kanta ta nuna cewa dokar gadon wautar wani mai kuɗi ce, aka ci gaba da bi don an saba.

Inda lissafin kofin ya sauya komai

A Firimiya, ka ci 1-0 ko ka ci 7-0, maki uku ne. Sai an yi kunnen doki a ƙarshen kaka ake duba bambancin ƙwallaye, kamar yadda Manchester City ta ƙwace kofi a hannun Manchester United a 2012 duk da kowa na da maki 89. A Hogwarts kuwa makin da aka ci a cikin fili shi ake tarawa daga wasa zuwa wasa. Abin da a ƙwallon ƙafa yake raba gardama kawai, a nan shi ne teburin gaba ɗaya.

Littafi na uku ne ya fi fito da wannan fili. Gryffindor sun shekara bakwai rabonsu da kofi, tun zamanin tsohon mafaraucinsu Charlie Weasley. Kaftin ɗinsu, Oliver Wood, yana shekararsa ta ƙarshe, abin ya zame masa kamar ciwo. Wasan farko Hufflepuff suka doke su da tazarar 100, bayan dodannin Dementor sun shigo fili cikin ruwan sama, Harry ya suma ya faɗo, mafaraucin Hufflepuff, Cedric Diggory, ya kama Snitch bai san abin da ya faru ba, har ya nemi a sake wasan. Suka zo suka ci Ravenclaw. Aka iso wasan ƙarshe Slytherin na gaba da maki 200 cif.

Yi lissafin da kanka. Idan Harry ya kama Snitch a minti na farko, Gryffindor sun ci wasa da 150, Slytherin sun tafi da kofi. Dole sai tazarar ta haura 200, ma'ana kada ya kuskura ya taɓa ƙwallon sai 'yan gabansu sun ba da ratar fiye da 50. Wood ya yi ta nanata masa wannan har yaron ya gaji ya daka masa tsawa. A cikin wasan kuwa Harry ya hango Snitch tun da wuri, lokacin ratar ba ta kai ba. Bai isa ya kama ba, bai kuma isa ya bar Malfoy, mafaraucin Slytherin, ya gani ba. Sai ya murtuke fuska kamar ya ga wani abu, ya juya tsintsiyarsa ya fyalla ɗaya gefen, Malfoy ya bi shi a guje. Daga baya da ratar ta kai ya miƙa hannu, Malfoy ya riƙe masa wutsiyar tsintsiya. Sai da 'yan gaban Gryffindor, Angelina Johnson da Alicia Spinnet da Katie Bell, suka kai ci 80 da 20 sannan ya samu ya cafke. Aka tashi 230 da 20, tazarar 210. Da 'yan matan nan sun rasa ƙwallo ɗaya, da an yi kunnen doki a tebur, da sun rasa biyu, da kofi ya tafi. McGonagall ta yi ta kuka tana share hawaye da tutar gidan.

To a wannan wasa, wa ke jiran wa? Mafaraucin da ake cewa shi ne komai ya zama ɗan kallo har sai da aka ba shi izini.

Littafi na shida ya ƙara tsananta abin. Kafin wasan ƙarshe, Gryffindor na buƙatar doke Ravenclaw da tazarar 300 kafin su ɗauki kofi. Ƙasa da haka su zo na biyu, idan kuma aka ci su da fiye da 100 su ƙare a na huɗu. Abin da ya jefa su wannan rami shi ne kashin da suka sha a hannun Hufflepuff, 320 da 60, ranar da golan aro, McLaggen, ya karɓi kulkin wani yana koya masa aiki, ya fasa wa kaftin ɗinsa Harry kai. Wasan ƙarshen an tashi 450 da 140. Cire 150 na Snitch, saura 300. Ƙwallo 30 kenan aka jefa a zobe. Kashi biyu cikin uku na makin ranar daga hannun 'yan gaba ya fito.

Sau biyu kuma littattafan sun nuna an kama Snitch an sha kashi. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya, Viktor Krum na Bulgeriya ya kama, amma Ayalan ta ci 170 da 160. A littafi na biyar Ginny Weasley ta kama wa Gryffindor, Hufflepuff suka ci 240 da 230. Shi Krum ya ga an yi musu nisan da ba za su kamo ba, ya zaɓi ya yanke wahalar da hannunsa. A gasar da ake tara maki, irin wannan shawara tana da ma'ana sosai: gara a ci ka da 10 da a bar wasa ya yi tsawo a ci ka da 200.

Abin da masu suka suka faɗa daidai

Duk da haka ba zan wanke wasan tas ba. A yawancin wasannin makaranta da aka nuna, wanda ya kama Snitch shi ya ci. Wasan Harry na farko an tashi 170 da 60, wato kafin ya kusa haɗiye ƙwallon ana cin gidansu 60 da 20, ya goge wannan duka da baki ɗaya. Ƙwallo 15 sai an sha wuya ake jefa su, kuma tsakanin yara 'yan makaranta da wuya a samu irin wannan rata kafin wasa ya ƙare.

Tsarin tara makin ma yana da tasa ɓarakar. Tun da babu agogo, gida biyu na iya haɗa baki: mafarauta su rufe ido, gololi su yi sakaci, a yini ana zuba ƙwallaye, kowa ya tashi da maki dubu, sauran gida biyun su tashi a tutar babu. Babu wanda ya gwada haka a littattafan, kuma babu dokar da aka nuna da za ta hana. Gidan da ke buga wasan ƙarshe kuma yana shiga fili da sanin ainihin abin da yake buƙata, gatan da sauran ba su samu ba.

Sai maganar kuɗi, wadda a ganina ta fi ta 150 ɗin muni. Kowa da tsintsiyarsa yake zuwa. A littafi na biyu Lucius Malfoy ya saya wa dukan tawagar Slytherin sabuwar tsintsiya samfurin Nimbus 2001, ɗansa kuma ya zama mafarauci, yayin da tagwayen gidan Weasley ke fama da tsofaffin tsintsiyoyi. Mai karatu yakan ji haushin wannan, ya manta cewa shi ma Harry an ba shi Nimbus 2000 a shekarar da doka ta hana 'yan aji ɗaya mallakar tsintsiya, sannan ya ci kofin nan a kan Firebolt, wadda ta fi ta kowa gudu a makarantar, kyautar Sirius Black, aminin mahaifinsa. Hermione, ƙawar Harry, ce kaɗai ta damu da inda ta fito, ita ma tsoron makirci ne ya sa ta, ba maganar adalci ba.

Mutanen da suka sauko da wasan ƙasa sun tabbatar da wani ɓangare na sukar. A 2005 ɗaliban Kwalejin Middlebury da ke jihar Vermont a Amurka suka fara buga shi da gaske, da sanda a tsakanin ƙafafu, Snitch kuma ƙwallon tanis ce a cikin safa da aka maƙala a wandon wani mai gudu. Da wasan ya bazu, sai aka rage darajarta zuwa maki 30. A 2022 ƙungiyoyin wasan suka sauya masa suna zuwa Quadball, saboda sunan asalin mallakar kamfanin Warner Bros ne, kuma suna son nesanta kansu da wasu kalaman Rowling a kan batun sauya jinsi. Da zarar mutane na gaske sun fara zufa ta gaske, 150 ba ta ɗore ba.

Sau nawa Harry ya ɗaga kofin?

Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, kuma nan ne zargin cewa an ƙera wasan don a fifita jarumin labari yake yin rauni.

Shekara shida Harry ya yi a Hogwarts. A ta farko yana kwance a ɗakin jinya bai san inda kansa yake ba, Ravenclaw suka yi wa gidansu kaca-kaca. A ta biyu aka soke gasar saboda wani abu na sandarar da ɗalibai a cikin makaranta, McGonagall ta shigo fili da lasifika ta kori kowa ana gab da farawa. A ta uku suka ci. A ta huɗu ba a yi ba, saboda gasar makarantu uku, har aka shuka shinge a filin aka mai da shi wurin ɓata. A ta biyar wata malama mai suna Umbridge ta haramta masa wasa har abada, shi da tagwayen Weasley, Fred da George, bayan ya naushi Malfoy. Gryffindor suka ci kofin da Ginny a matsayinsa, da abokinsa Ron a gola, Ron ɗin da 'yan Slytherin suka yi wa waƙar zambo duk shekara, ranar nasara 'yan gidansu suka juya waƙar ta koma ta yabo. Harry ko kallon ƙarshen wasan bai yi ba, Hagrid, mai kula da harabar makarantar, ya ja shi daji. A ta shida shi ne kaftin, amma ranar wasan ƙarshe yana zaune gaban Snape yana kwafe tsofaffin katunan laifuffuka, horon abin da ya yi wa Malfoy a banɗaki. Sai da ya dawo ɗakin taruwar gidansu ya tarar ana shagali, Ron na ɗaga kofi.

Kofi uku, ɗaya kaɗai yana fili. Marubuciyar da ke son ta nuna cewa jaruminta ne komai ba za ta cire shi daga wasan ƙarshe har sau uku ba. Abin da nake gani shi ne kofin ma'auni ne na zaman lafiyar makarantar. Duk shekarar da aka buga wasa shida aka gama, yara na nan a matsayin yara, babbar damuwarsu ita ce wa zai kunyata wa ranar Asabar. Duk lokacin da aka soke, ko aka hana Harry, wani abu mafi girma ya shigo. A hankali nauyin yaƙi da mugun matsafin nan Voldemort yana janye shi daga fili, wasu suna cike gurbin, kuma suna ci ba tare da shi ba. A littafi na bakwai babu wasa ko ɗaya. Abin da ya rage na Quidditch a hannunsa ita ce Snitch ɗin nan ta wasansa na farko, wadda Dumbledore ya bar masa gado, kuma sai da ya kai ta bakinsa ta buɗe, don da baki ya kama ta.

Me ya sa masu kallon fim ba su san wannan ba?

Domin ba a nuna musu ba. Da yawa daga cikinmu ta faifan fim muka san Harry Potter kafin littafi ya zo hannu, kuma finafinan 8 babu inda aka ga Gryffindor na ɗaga wannan kofi. Fim na uku, na 2004, wasan ruwan saman nan kawai ya nuna, Harry ya faɗo, aka wuce. Duk zancen ratar 50, da ciwon Wood, da kukan McGonagall, an yanke. Fim na biyar babu Quidditch sam. Na shida ya nuna zaɓen 'yan wasa da wasa ɗaya. Abin da ya zauna a kan mai kallo shi ne finafinai biyu na farko, inda ake bin Harry da kyamara har ya kama ƙwallo a tashi. Wanda iyakar abin da ya gani kenan, ba laifinsa ba ne idan ya ce sauran shidan ado ne.

Dalilin yankewar ba ɓoyayye ba ne. Wasan sama yana cin kuɗi da aikin kwamfuta, fim kuma awa biyu da 'yan kai ne, dole a zaɓi abin da ke tura babban labari gaba. Ko wasan kwamfuta na Hogwarts Legacy da ya fito a 2023, wanda ke barin mutum ya yi ta shawagi bisa tsintsiya, bai saka Quidditch ba, sai a 2024 aka fitar da wani daban domin shi kaɗai.

Shiri mai dogon zango ba shi da uzurin ƙarancin lokaci. Zango na farko da na biyu ba za su gaya mana komai ba a kan wannan, don a can ma littafin bin Harry yake yi. Sai a zango na uku za a gane ko masu shirin sun karanta teburin gasar: ko za su bar yaron ya hango Snitch ƙiri-ƙiri a gabansa, ya waiga ya dubi allon maki, ya juya mata baya.